Wardin da ya fito a lambun Yari

Shekarar da Faransawa suka tattara kayansu daga Ƙonni, Almu ya tsallako iyaka zuwa Illela da rassan wardi naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Shi ne mai ba furanni ruwa a gidan wani Bature, da Baturen zai tafi ya bar masa ja da fari. Ya dasa su a lambunsa na bakin tafkin Kalmalo, ya ƙudurta sai ya fitar da launin da ba a taɓa gani ba. Da gashin kaza yake ɗebo garin wannan fure ya shafa wa wancan, ya jira iri ya nuna, ya shuka. Shekara na bin shekara, ba abin da ke fitowa sai ja mai dishi-dishi.

Yari, mijin ƙanwarsa Tasalla, manomin albasa ne a lambun da ke maƙwabtaka. Almu ya taɓa ba shi rassa biyu, Yari ya soka su jikin shinge ya manta. Can a gindinsu wani tsiro ya fito da kansa, ranar da ya buɗe sai ga fure ruwan goro, bakinsa kamar an tsoma a zuma.

Almu ya tsaya a kansa ya ƙura masa ido. Ya tambayi Yari abin da ya sa masa.

"Mi zan sa mai, Malam Almu? Ni ko ruwa ban ba shi da gangan."

Wannan amsar ta fi furen ci masa rai. Fatake masu zuwa kasuwar Lahadi suka riƙa ratsowa kallo, su wuce lambun Almu ko waiwaye babu. Wani malami ya ce ƙudan zuma ne suka yi aikin, Allah kuwa yana ba wanda ya so. Almu ya ce haka ne, amma ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Da Yari ya zo neman shawarar yadda zai yawaita shi, Almu ya san reshe ake yanka, domin iri ba ya riƙe launin uwa. Ya dubi ƙasa ya ce a shuka iri. Yari ya yi godiya, ya bi maganarsa. Abin da ya tsiro duk fari-fari ne. Da damina ta yi ƙarfi tafki ya cika ya shanye shingen, uwar ta ruɓe. Almu ya je jaje, a hanyar dawowa ya ji ƙirjinsa wasai.

Bayan sallar layya ya kai wa Tasalla ziyara. A bayan randa, cikin fasasshiyar tukunya, sai ga ruwan goron nan ya buɗe har uku. Ta ce reshe ta karya tun bara, don tun suna gida ta ga haka Almu yake yi.

Ta lura da yadda idonsa ya ƙi barin tukunyar. Ta miƙo masa wuƙa.

"Yaya, yanki wanga, ya fi ƙwari."

Ya karɓi wuƙar. Ya yanka, ya tura reshen cikin aljihun rigarsa, ƙaya na sukar cinyarsa. Ya bi ta bayan kasuwa don kada ya haɗu da Yari.