Farantai Tara a Gidan Abu Mu'utaz

Shekara arba'in da ɗaya Abu Mu'utaz ya yi yana ba wa girkin matarsa maki. Maki na gaske fa, irin wanda ya saba ba wa malamai lokacin yana sufeton makarantu a garin Salt na ƙasar Jodan. Kowace safiyar Juma'a matar tasa Wadad za ta ajiye masa kwanon fatta, wato gurasa da niƙaƙƙen wake da kindirmo, yana tururi, man shanu na ta ƙara a kai. Sai ya gyara zaman tabarau, ya ɗebi cokali guda, ya juya a baki yana kallon rufin ɗaki, sannan ya yanke hukunci: "Shida bisa goma. Tafarnuwa ta danne riɗi." Wata Juma'ar kuma: "Bakwai. Wakenki bai ji wuta ba." Bai taɓa ba ta takwas ba, bai kuma taɓa rage ko loma a kwanon ba.

Mutumin nan kuwa ko ashana bai taɓa ƙyastawa a kicin ba. Ilimin hummus dai, niƙaƙƙen waken da ake fatta da shi, yana nan cike da bakinsa. Ya san garin da wakensu ya fi daɗi, ya san man zaitun ɗin da ya kamata, yana iya tsare baƙo rabin sa'a a kan yawan lemon tsamin da ake matsawa. A hannu kuwa, ko ruwan shayi sai an ɗora masa.

Wadad ta rasu da bazara. Da aka tashi zaman makoki, 'yan uwa suka watse, sai farantai suka fara zuwa. Yau Ummu Haisam ta gidan sama ta ƙwanƙwasa da kabewa cushe da shinkafa, gobe Ummu Jiryis ta aiko da miyar lalo da kaza, jibi Hajja Nawal. Abu Mu'utaz ya karɓa, ya cinye, ya ɗauraye, ya ajiye a kan tebur. Mayarwar ce matsala. Ko ɗan yaye a unguwar nan ya san farantin maƙwabci ba ya komawa gida wayam, sai an sa wani abu a ciki, shi kuwa ba shi da abin sawa. Haka suka yi ta hawa kan juna.

Ranar Litinin 'yarsa Suhair ta zo daga Amman. Ta tsaya a ƙofar kicin, ta ƙirga da yatsa, ta juyo wurin babanta, wanda take kira Yaba.

"Yaba, tara. Farantan mutane tara."

"Na san lissafi."

"Wata biyu kana cin abincin unguwa, ka riƙe musu kwanuka. Ummu Haisam da kwanon roba take zuba wa mijinta abinci yanzu. Yaba, ba za ka iya zama kai kaɗai ba. Na gyara maka ɗaki a wurina, ɗanka Mu'utaz ma ya bugo daga Kuwait ya ce haka ya fi."

Ɗakin nan ya san shi. Hawa na huɗu, tagarsa na kallon bangon wani gini, jikoki na tsere da keke a falo. A nan kuwa gidan ubansa ne, na dutse, da itacen inabin da ya rufe tsakar gida. A gidan nan aka haife shi, kuma ya rantse daga nan za a ɗauki gawarsa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma da yake shi ne, sai tsoron ya fito da cika baki.

"Saboda farantai za ki raba ni da gidana? Ki zo ranar Juma'a bayan an sauko. In kin tarar da guda ɗaya a teburin nan, ki sa ni a mota, ba zan ce uffan ba."

"To bari in sayo kayan zaƙi a kasuwa mu zuzzuba mu mayar, a wuce wurin."

"Kayan shago? Daga gidan nan? Fatta zan yi musu, da hannuna. Su ɗanɗana yadda ake yinta sau ɗaya a rayuwarsu."

Suhair ta dube shi, ta dubi murhun da ƙura ta rufe. "Shi ke nan, Yaba. Kai ka faɗa."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ranar Alhamis da hantsi ya sauka kasuwa ya auno waken hummus kilo uku, don a lissafinsa faranti tara ba wasa ba ne. Wadad da rabin kilo take ciyar da gida har da baƙi, amma wa ya taɓa tambayarta? Ya juye a tukunya, ya zuba ruwa iya bakin wake. Ya tuna tana barbaɗa garin kanwa don ya yi laushi. Ita ƙaramin cokali take sawa. Shi da yake yana ganin wakenta bai taɓa nuna yadda yake so ba, sai ya kamfata da hannu har sau biyu.

Da asuba ya tarar waken ya shanye ruwa, ya kumbura, ya ture murfi, ya bazu har ƙarƙashin firji. Ustaz guda, mai sa malamai rawar jiki, ga shi durƙushe da rigar barci yana tsintar wake ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Ya raba tukunya uku, ya ɗora ba tare da ya ɗauraye kanwar ba. Kumfa ta taso ta kashe wuta sau biyu. Ɓawon waken ya yi ta yawo a saman ruwa. Wadad takan zauna ta mutsuttsuka shi tsakanin tafukan hannu, ta tsame ɓawon tas, shi kuwa a da yana cewa dabara ce kawai ta zama kusa da rediyo. Ya gwada na minti biyar, bayansa ya ƙage, ya ce ai ɓawo ma abinci ne.

Da waken ya dahu ya tsane shi, ya tuttular da ruwan dahuwar a rariya, duka. Sai da ya gasa gutsattsarin gurasa, gefe guda ya ƙone, sannan ya tsaya yana tunanin da me ake jiƙa su. Da ruwan nan ne, wanda ya tafi. Ya tari na famfo ya zuba.

Injin markaɗe ya yi gurnani ya tsaya, ya ƙara ruwa, ya sake tashi. Ya zuba niƙaƙƙen riɗi, ya matsa lemon tsami da 'ya'yansa, ya jefa tafarnuwa kai guda cur, shi da ya shekara arba'in yana ƙorafin tafarnuwa. Ya ɗebi cokali ya kai baki. Sabulu. Ba kama da sabulu ba, sabulun wanki sak, da ɓawo yana maƙalewa a haƙori. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Ba kowa a gidan, ba mai ji, amma sai da ya ce, "Takwas."

Ya jera farantai tara, ya shimfiɗa gurasa, ya zuba hummus da kindirmo, ya soya ƙwayar almon a man shanu ya watsa a kai. Daga nesa, a gaskiya, abin ya yi kyan gani. Fatta kuwa ba ta jiran kowa. Daga wuta sai baki, shi ya sa a kowane gida sai an zazzauna da cokula a hannu ake zuba man. Abu Mu'utaz ya san wannan, ya sha faɗa wa mutane. Amma ba zai je ƙofar matan unguwa da rigar barci ba. Ya shiga wanka, ya yi aski, ya goge kwat, ya ɗaura laƙataye, ya canza shi da wani. Kafin ya fito man shanu ya daskare ya yi fari, gurasar ta shanye komai. Da an kifa farantin, ba abin da zai faɗo.

Ya ɗauki na farko ya hau matakalar dutse zuwa gidan Ummu Haisam.

"Ustaz, kai da kanka? Ai da ba ka wahalar da kanka ba," ta ce, ta karɓa da hannu biyu. Farantin ma ba nata ba ne, na Hajja Nawal ne, amma ba ta nuna ba. "Allah ya sa hannun nan albarka."

Nan ya kamata ya ce amin ya juya. Amma hali zanen dutse.

"Ki ci ki ga yadda ake yi. Kabewar nan taki ta ranar Talata, biyar bisa goma. Shinkafar ta caɓe, kuma hannunki ya yi nauyi da gishiri. Ba don komai na faɗa ba, don ki gyara."

Ummu Haisam ta tsaya da faranti a hannu. "Na gode, Ustaz."

"Kuma ki gaya wa sauran su huta haka nan. Ni ba maraya ba ne. Kin dai gani da idonki."

Ƙofa tara ya ƙwanƙwasa, a kowace ya bar faranti da maki. Miyar lalon Ummu Jiryis ta sami huɗu. Hajja Nawal, tsohuwar da ke jan ƙafa ta hauro masa da abinci, ta ji cewa namanta sai mai haƙoran kura. Ya dawo gida yana haki, zuciya fari ƙal.

Suhair ta iso bayan sallar Juma'a. Tebur fes, ba faranti ko ɗaya. Ta ga tukwane uku cike da hummus, ta ga bangon da injin ya fesa, ta lakata da yatsa ta kai baki, ta nufi famfo ta kurkure baki. Amma alkawari alkawari ne.

"Ka ci nasara, Yaba. Zauna a gidanka."

"Da ma na gaya miki."

Asabar ba wanda ya ƙwanƙwasa. Lahadi ma haka. Ya ci hummus ɗinsa da safe, ya ci da rana, yana haɗiya da shayi kamar magani. A rana ta huɗu tukwanen suka fara tsami, ta biyar ya kwashe ya zubar. Ya koma gurasa da zaitun. Da azahar ƙamshin albasa da man shanu kan sauko daga gidajen sama, sai ya ja kujera kusa da ƙofa ya buɗe jarida, wai iska yake sha. Duk takun da ya ji a matakala sai ya gyara zama, takun kuma ya wuce.

A rana ta tara ya ga Ummu Haisam tana saukowa da faranti rufe da ƙyalle. Bai san lokacin da ya miƙe ya buɗe ƙofa ba, har hannayensa sun yi gaba.

"Barka da rana, Ummu Haisam."

"Barka kadai, Ustaz. Gafara in wuce, na Hajja Nawal ne, ƙafar ta tashi."

Ya mayar da hannayen aljihu. "Fattar nan... kanwar kasuwa ce ba ta da kyau."

Ta tsaya a kan matakala, ta juyo. In baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

"Fattarka kajin Ummu Jiryis suka shinshina suka ba ta baya. Amma ba ita ba ce, Ustaz. Mun ci wadda ta fi ta muni a gidan surukai, muka ce madalla. Da ka miƙo ka yi shiru, da yanzu farantai tara sun dawo maka cike." Ta gyara riƙon ƙyallen. "Ka san me ya sa muke kawowa? Matarka Ummu Mu'utaz ce. Duk wadda ta haihu a unguwar nan ko aka yi mata rasuwa, tukunyarta ke fara isa. Kuma duk ranar da ka tsare mijin wata a hanya ka koya masa yadda ake tarbiyyar 'ya'ya, kafin magariba tana ƙofarmu da faranti, tana cewa a yi haƙuri, halinsa ne. Shekara arba'in tana wanke maka baki da girkinta, kana ba ta shida. Ita ta iya. Mu ba za mu iya ba."

Ta sauka abinta, silifas na kaɗawa a kan dutse.

Abu Mu'utaz ya koma ciki ya zauna a tsakar gida har inuwa ta juya. Kunya ce ta rufe shi, wadda rabonsa da ita tun yana ɗan makaranta. Ya lissafa ƙofofin nan tara, ko akwai wadda zai je ya ba da haƙuri, sai ya tarar bai ma san yadda ake fara maganar ba. Da la'asar ya ɗauki waya.

"Suhair. Ɗakin nan yana nan?"

"Yana nan, Yaba."

"Ki zo da mota gobe."

Washegari ta zo. Akwati biyu ne kayansa, sai hoton Wadad da Suhair ta cire daga bango. Ya rufe tagogi, ya kashe ruwa, ya ja ƙofar ƙarfe ya murɗa makulli sau biyu. Suhair ta riga shi sauka da akwati, ta ɗago kai daga ƙasa.

"Yaba, ka bar wa wani makullin mana, a riƙa ba wa inabin ruwa."

Haka ake yi. Ko kwana biyu mutum zai yi a Amman, maƙwabci yake bar wa makulli. Ya tsaya da shi a tafin hannu, ya dubi gidajen sama, ya dubi na ƙasa. Shanya na kaɗawa, wata na daka tafarnuwa, rediyon wani gida na karatu. Ba ƙofa ɗaya da aka buɗe.

"Wa ka bar wa?" ta tambaya da ya shiga mota.

"Ja mu tafi," ya ce, ya sa makullin a aljihun kwat.