Fuskar Matar Wani

Wata huɗu tsohon kafinta ya yi yana hawa benen malamar zane, gwiwoyi na ƙara, don abu ɗaya tak: ya zana fuskar matarsa da ta rasu bara, kafin ta ɓace masa. Hoto ɗaya ta bari, shi ma ta kau da kai.

Malamar, wadda ya haifi sa'arta, ta kafe sai ya fara da kwaikwayon aikin magabata. Ta manna masa hoton wata mai farin mayafi, zanen wani gwani da ya mutu shekaru aru-aru. Gawayi don inuwa, alli don haske. Sau arba'in ya zana matar nan.

Ranar da ya gama zana tasa matar a gida, ya kira autarsa yana washe baki.

Ta duba, ta sake dubawa. "Baba, wace ce wannan?"

"Ke! Uwarki ce mana!"

"Wannan mai mayafin ce da ka cika mana falo da ita. 'Yan kunnen Mama kawai ka saka mata."

Ya ƙura wa takardar ido. Siririn hancin nan, idon nan mai kama da na mai jin barci. Ya rufe ido ya nemi matarsa, sai mai mayafi ta leƙo.

Bai san lokacin da ya haye benen ba. Ya maka takardar a teburin malamar, ƙurar gawayi ta tashi.

"Na zo miki da matata a kaina, kin fitar da ita kin cusa mini matar wani!"

Malamar ta ce, "Baba, hannunka ya koya, saura ido. Ka samu mai rai ka zaunar."

"Mai rai? Kabari zan tono?"

Ya banko ƙofa ya fito. A gida ya tarar da Auta a tsaye, hannu a ƙugu.

"Ka je ka yi wa 'yar mutane ihu, ko? Da hawan jininka! Ga maganinka can ko taɓawa ba ka yi ba!"

Girar hagu ta ɗage, leɓen ƙasa ya turo. Shekara talatin da biyar yana shan wannan kallon a wurin uwarta.

Ya laluba aljihu, ya zaro gawayi.

"Matsa jikin taga."

"Baba, ba wasa nake yi ba!"

"Yauwa, haka. Ci gaba da masifar, kada ki kuskura ki huce."