Jirgin Tuwo na Alhaji Issifou

Alhaji Issifou bai taɓa taɓa jirgi mara matuƙi da hannunsa ba sai bara, amma cikin mako guda ya zama shi ne masaninsa a duk Zongon Lomé. Haka yake da komai. Yana da manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Nijar, kuma a ganinsa wanda ya mallaki abin da ke tafiya a ƙasa ya fahimci abin da ke tashi a sama.

Jirgin na ɗan ƙanwarsa ne, Samir, wanda ya karanta aikin lantarki a jami'a ya dawo gida ba aiki. Shi ya harhaɗa shi don ya riƙa kai tuwon mahaifiyarsa, Hajiya Meimuna, ga direbobin da ke kwana da kwanaki a layi a bakin tashar jirgin ruwa. Alhaji ya sayi kayan haɗin, saboda haka aka rubuta sunansa a jikin jirgin da jan fenti.

Matsalar ɗaya ce, batir ba ya kaiwa. Gwajin farko jirgin ya sauko a kasuwar Hédzranawoé, a tsakiyar tumatirin wata mata, ita kuwa ta zazzage musu zagi da yaren Mina har Samir ya ƙi fassara wa kawunsa.

Daga nan maganar ta koma bencin ƙofar garejin Alhaji, inda dattawa ke zama bayan la'asar. Inoussa mai sayar da taya ya ce a koya wa jirgin sauka a kan wayar wuta kamar tsuntsu, ya sha ya ƙoshi ya wuce. Wani ya ce a ɗaura masa faifan sola, aka ɗaura, jirgin ya yi ta kuka bai ɗaga daga ƙasa ba. Ladan ya kawo shawarar a sa masa ƙaramar fanka a baya, iskar tafiyarsa ta riƙa juya ta tana ba shi wuta, ya kuma ji haushi da Samir ya yi dariya. Shi Samir abin da yake so kawai a samu rufin bene a tsakiyar hanya, jirgin ya sauka a canja masa batir. Sai dai benen da ya dace na Aboubakar ne, wanda Alhaji bai yi wa magana ba tun rikicin shugabancin ƙungiyar masu motoci. Alhaji ya ce wannan dabara ba ta da zurfi.

Tasa dabarar ta zo masa yana alwala. Motocinsa kullum suna gangarawa tashar jirgin ruwa. A kafa faranti na caji a kan rufin mota, jirgin ya sauka a kai, ya sha wuta daga batirin motar tana tafe, in ya cika ya tashi ya ƙarasa. Samir ya yi lissafi a ransa, sannan ya yarda cewa abin zai iya yiwuwa, muddin motar tasha ta nufa.

"To ina za ta nufa, Makka?" in ji Alhaji. Dattawa suka yi dariya, shi ma Samir ya yi, don kawunsa ne.

Ranar nunawa Alhaji ya yanka rago, ya kafa rumfa, ya gayyato mai unguwa da wani yaro mai ɗaukar bidiyo. Da safe ya je duba motar da Samir ya kafa wa farantin, ya ga tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, ƙofarta da igiya aka ɗaure. Ya ga ba za a nuna wannan a bidiyo da sunansa ba. Ya sa makanikai suka cire farantin suka mayar kan sabuwar motarsa mai launin kore, bai ga dalilin gaya wa Samir ba.

Aka yi addu'a, Hajiya Meimuna ta ɗaure kular tuwo da miyar kuka, jirgin ya tashi mutane na tafi. Ya yi shawagi kaɗan, ya gano farantinsa, ya sauka a kan koriyar mota daidai lokacin da take fita bakin titi. Alhaji ya juya yana karɓar gaisuwa. Motar kuwa ta karya kwana ta yi arewa.

Sai a lokacin ya tuna. Shi da bakinsa ya ba direbanta, Amidu, umarni jiya ya wuce Yamai da lodin shinkafa.

Samir ya yi ta danna na'urarsa, amma shi ya tsara jirgin kada ya tashi sai batir ya cika, kafin ya cika kuwa motar ta fita daga inda na'urar ke kaiwa. Aka kira Amidu, wayarsa a kashe. Samir ya dubi kawunsa ya tambaye shi a hankali wa ya taɓa farantin.

"Yanzu lokacin neman mai laifi ne?" Alhaji ya ce. "Ku 'yan lekol masu karatun boko, ku ƙera abu ba ku koya masa gabas da yamma ba."

Mai unguwa ya ci namansa ya tafi. Da yamma Amidu ya kira daga garin Atakpamé, can kan hanyar arewa, ya ce ya samu saƙon, Allah ya saka wa Alhaji da alheri, sai dai miyar ta ɗan huce.

Jirgin ya dawo bayan makonni, fiffike ɗaya a karye, yaran mota sun mayar da shi wurin shanya singileti. Samir ya kwashe shi a buhu ya tafi da shi. Yanzu ɗan zemijan ke kai tuwon a babur, Samir kuma ya buɗe rumfar gyaran waya nesa da garejin.

Alhaji bai ga faɗuwa a cikin lamarin ba. A benci yana tambayar dattawa ko akwai wani a duk Togo da jirginsa ya ƙetare iyaka biyu da caji ɗaya. Ya ma sa an rubuta allo an kafa a ƙofar gareji: Issifou da Iyalansa, Aike ta Sama, Lomé zuwa Yamai.