Abin da Ke Cikin Turmin Jidda

Shafi talatin da ɗaya Nafisa ta rubuta a babi na huɗu na kundinta, Dakta Hajara kuwa ta mayar mata da su ɗauke da tambaya guda tak, da jan biro, a gefen shafi na goma sha bakwai: "Me take dakawa?" Ba ta ce an yi kuskure ba, ba ta ce an yi daidai ba, kuma ba ta sa hannu ba. Ranar Litinin ke nan. Ranar Alhamis da azahar za a rufe karɓar kundin 'yan ajin ƙarshe a sashen Hausa na jami'ar da ke Kalgo, duk wanda babu sa hannun malaminsa a kan nasa sai ya jira baɗi.

Littafin da take nazari ɗan siriri ne, sunansa Hanyar Mashaya. Wani tsohon malamin firamare a Gwandu, Malam Garba, ya rubuta shi tun ba a haife ta ba. Labarin wata Bafillatana ce mai suna Jidda da ɗanta na fari, Anas. Daga bangon farko har na ƙarshe Jidda ba ta taɓa kiran sunan yaron nan ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ba. Sau uku yana barin gida a cikin labarin, sau uku kuma tana juya masa baya ta ɗauki taɓarya ta kama daka, har ya ɓace a hanya.

Nafisa ta yi wa matar nan kaca-kaca. Ta ce babban jigon littafin shi ne yadda kunyar ɗan fari ke kashe ƙauna tun tana jaririya. Ta ce turmi alama ce ta taurin zuciya, taɓarya kuma hukuncin da al'ada ke saukewa a kan ɗan da bai ji ba bai gani ba. Ta jero ra'ayoyin masana har ba wurin sa ƙafa. Rubutun ya yi zafi ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ita ma 'yar fari ce. Shekararta ashirin da uku ba ta taɓa jin sunanta a bakin Innarta ba, sai "ke", sai "waccan". A gaskiya ba Jidda kaɗai ta gurfanar a babin nan ba.

Ta koma ofishin Dakta Hajara da takardun a hannu, ranta a dagule.

"Dakta, ai marubucin bai faɗi abin da take dakawa ba."

"Shi ya sa na tambaye ki," in ji Dakta Hajara, ko kai ba ta ɗaga ba. "Kin ce turmi alama ne, na yarda. Amma kin ɗora masa ma'ana tun daga nesa, ba ki leƙa cikinsa ba. Ba na sa hannu a kan hukuncin da ba a saurari wadda ake tuhuma ba."

To, ina za a saurari matar da ba ta taɓa wanzuwa ba? Nafisa ta fito tana ƙunƙuni. Ta zauna a ɗakin karatu, zaman ya gagare ta. Ta koma ƙarƙashin dogon yaro, nan ma ba ta yi minti goma ba ta miƙe. Ta karanta wuraren dakan nan uku har ta haddace su. Babu gero, babu dawa, babu ko barkono. Abin da kawai ta tsinta shi ne a shafi na arba'in da biyu, kafin tafiyar Anas ta farko, an ce Jidda ta gama dakan fura tun da asuba. Ta ja layi a ƙarƙashin jimlar, ta dube ta, ba ta ga abin da za ta yi da ita ba. Ta sayi shinkafa da wake ta kasa ci.

Da gari ya waye ranar Talata sai ta ce, tun da mai littafin yana raye, me zai hana a tambaye shi? Ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ta sake wata zuwa Gwandu, tana duban agogon wayarta kamar shi ya ƙulla mata sharrin. Bayan tambaya uku aka nuna mata gidan. Ta iske dattijon a zaure, ya baje buhun albasa a kan tabarma yana ware masu ruɓa, tabaransa ɗaure da zare ta gefe guda.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi daga inda take, sannan ta sauke tambayar da ta kawo ta.

Malam Garba ya juya wata albasa a hannu.

"Shekara talatin da hitowar littahin ga," ya ce, "ba wanda yat taɓa tambaya ta wanga abu. Wa ya aiko ki?"

"Malamata ce, Baba. In ban kai amsa jibi ba, na rasa shekara."

"To, ɗiyata, kin yi asarar kuɗin mota. Ban sani ba."

"Amma Baba, kai ka rubuta ta."

"Na rubuta abin da nij ji. Ni ne bisa hanya. Wanda ke bisa hanya sauti kaɗai shika ji ta baya. Ban taɓa komawa in leƙa ba, yanzu kuwa babu wadda za ni leƙawa. Tsohuwata ta yi shekara ashirin cikin ƙasa."

Wata mai hankali kwance da ta tsaya ta auna maganar nan. Nafisa ba ta da wannan sararin. Abin da ta ji kawai shi ne kwana guda ya tafi a banza, saura biyu. Ta yi godiya a gajarce ta fito, haushi na cin ta, na tsohon da na malamar da na ita Jiddar baki ɗaya. La'asar ta riga ta yi, ga shi gidansu na Kambaza kusa, sai ta ce bari ta kwana can ta yi sammako.

Mahaifinta, Baffa, ya tarbe ta da fara'a tun daga ƙofar gida. Inna kuwa tana zaune tana gyaran ƙwaryar nono, ta ce, "An iso?" idonta a kan ƙwaryar. Sannan ta ɗaga murya: "Safiya! Kawo ma waccan ruwa. Mubarak, kore awakin nan!" Sunayen ƙannenta suna fita daga bakin nan a sauƙaƙe. Nafisa ta san al'ada ce, ta san haka aka yi wa Inna ita ma, ta ma rubuta shafi huɗu a kai. Sanin bai taɓa rage mata ciwon ba.

Da asuba ƙarar daka ta tashe ta. Ta fito ta yi alwala, ta ga Inna ta gama dakan gero, ta cura fura, ta wanke turmin tas ta kife shi a gindin rumbu. Aka dama mata ta sha. Ta shirya jaka, ta buɗe, ta sake shiryawa. Sai hantsi ɗan kabu-kabun da Baffa ya kira ya iso.

"Inna, na tahi."

"To."

Shi ke nan sallamar. Baffa ya raka ta waje yana jero addu'a. Tana hawa babur ta ji abin da ta saba ji duk ranar tafiyarta tun tana makarantar kwana: taɓarya ta fara sauka a cikin gida. Ta cije leɓe. Ga amsar Dakta nan, in ji ta a ranta, uwa na dakan abincinta, ɗiya na kama hanyarta.

Sun kai wajen famfon unguwa ke nan sai jimlar da ta ja wa layi ta faɗo mata. Jidda ta gama dakan fura tun da asuba. Ita ma Inna ta gama tun da asuba. Da idonta ta ga an wanke turmin an kife.

"Tsaya," ta ce wa mai babur. "Tsaya nan, ina zuwa."

"Hajiya, rana na yi fa."

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ba ta bi ta ƙofa ba, ta zagaya bayan gida inda awaki suka ɓula danga, ta tsuguna ta sa ido. Sai ka ce wadda ta zo sata.

Turmin na tsaye a tsakar gida, babu komai a cikinsa. Ko ƙwayar gero ɗaya babu. Icce ke dukan icce, shi ya sa ƙarar ta fi ta asuba kaifi, kuma duk shekarun nan ba ta taɓa lura ba. Inna ta ba ƙofa baya, ta fuskanci dangar, fuskarta jiƙe sharkaf, ba ta ko sharewa. Bakinta na motsi. Nafisa ta kasa kunne, a tsakanin saukar taɓarya da tashinta ta tsinci maganar.

"Allah kai Nahisa lahiya. Allah tsare min Nahisa."

Ashe haka sunan yake a bakin nan. Ta toshe bakinta da gefen mayafi don kada kukan ya fita. Ta so ta tsallake dangar nan ta rungume ta, Allah ya sani ta so. Amma ta san in ta shiga, ta tona wa baiwar Allah asirin da ta yi shekara da shekaru tana rufewa da ƙarar turmi, kuma ba za ta sake samun inda za ta ɓoye ba. Ta ja da baya a hankali ta koma wajen mai babur.

Ranar Alhamis, saura awa ɗaya a rufe, ta ajiye shafi goma sha biyu a gaban Dakta Hajara. Ra'ayoyin masana da yawa sun zube a hanya. Dakta ta karanta a tsanake, Nafisa na tsaye tana sauya ƙafa.

"To, me take dakawa?"

"Ba komai, Dakta. Turmin wankakke ne. Ƙarar take so."

"Hujjarki?"

"Shafi na arba'in da biyu."

Dakta Hajara ta cire tabarau ta dube ta, ta ga idanun da suka kumbura, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauki baƙin biro ta sa hannu.

Ranar Asabar Nafisa ta sake shiga motar Gwandu, domin akwai wanda ya fi ta daɗewa yana jiran amsar nan. Ta iske Malam Garba a zaurensa da wani sabon buhu. Ba ta ambaci Kambaza ba, ba ta ambaci Inna ba. Ta ce masa dai a nata nazarin turmin Jidda babu komai a ciki, kuma tana zaton sunan yaron take kira a ƙarƙashin ƙarar.

Dattijon ya ci gaba da ware albasa, sai dai yanzu masu kyau da ruɓaɓɓu wuri ɗaya yake zuba su. Can ya cire tabaransa ya goge ido da hannun riga.

"Albasar bana da yaji take," ya ce.

Nafisa ta dubi tabarmar. Ko ɗaya ba a yanka ba. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, Baba," ta jawo buhun ta taya shi warewa.