Abin da Atlee Yake Kaiwa Rumbu

Saura kiris in fasa rubuta wannan labari. Mu Amish, Kiristoci manoma masu gudun kayan zamani irin su mota da waya, ba mu saba fitar da zancen gida waje ba, kuma Saloma Troyer, wadda abin ya faru a kanta, mace ce da ko sunanta aka kira a taro sai kunnuwanta sun yi ja. Sai da ta ce mini, "Rubuta abinki, ai ba a nan za a karanta ba," sannan na zauna.

Saloma ita ce babbar mace a 'ya'yan Enos Troyer, manomin da ke ƙarshen titin tsakuwa, bayan makarantarmu mai ɗaki ɗaya. Shekarunta ashirin da biyu, ba ta yi aure ba tukuna. Autansu Atlee a hannunta ya tashi, don bayan haihuwarsa mahaifiyarsu, wadda suke kira Mamm, ta daɗe a kwance. Saloma ce ta koya masa ɗaure takalmi. Ita take yi masa aski a bakin ƙofar kicin, ita kuma take hawa sama da asuba ta yaye masa bargo don su je tatsar shanu.

Atlee yaro ne mai waƙa. Tun bai iya magana sosai ba yake bin mahaifinsu, da suke kira Datt, wanda yana cikin masu jan baiti a ranar ibada. Muryarsa siririya ce, garau, tana hawa sama ba wahala. A wajen tatsa shi yake farawa, Saloma ta bi shi ƙasa-ƙasa, shanu su tsaya cak kamar sun san baitin.

Da ya gama aji takwas ya bar makaranta, kamar kowane yaronmu. A lokacin Saloma ba ta gida, tana wajen gwaggonsu da ta haihu tana taya ta aiki. Da ta dawo sai ta tarar da wani yaro daban.

Hannuwansa sun fito daga rigar da ta ɗinka masa lokacin sanyi. Yana cin abincin mutum uku, kuma da an ɗaga kai daga addu'ar bayan cin abinci sai ka nemi shi ka rasa. In an tambaye shi abu, sai ya ce "Mm," ko ya ɗaga kafaɗa. Ɗakinsa kullum a rufe. Waƙa kuwa ta ɗauke ɗif. A wajen tatsa ba ka jin komai sai ƙarar madara a bokiti.

Ranar da ta ɗauko almakashi ta ce, "Zo nan, gashinka ya rufe maka ido kamar ɗan doki," sai ya kauce.

"Bar shi."

"In bar shi har ka fara tuntuɓe?"

Ta kai hannu za ta shafa kansa kamar yadda ta saba. Ya ture hannun, ba da ƙarfi ba, amma ya ture. Ta tsaya da almakashi a hannu har ya ɓace a bayan ɗakin dawaki.

"Girma ne," in ji Mamm daga kicin. Amma hannunta ya tsaya a cikin kwaɓin burodi, bai sake motsi ba.

Dukansu sun san abin da ba su faɗa ba. Yayansu Mahlon haka ya fara. Shi ma shiru ya yi, shi ma ya daina waƙa, ya riƙa ɓacewa da rana. Daga baya Datt ya je share dogon rumbun siminti da ake zuba wa shanu yankakkiyar masara, ya tarar da wayar hannu a ɓoye a cikin tsohon takalmi. Datt ba mai faɗa ba ne. Sai ya ɗora wayar a kan maƙera ya sa mata guduma. Kafin a gama yankan masarar shekarar, Mahlon ya bar gida. Yanzu yana tuƙa babbar mota a jihar Indiana, ya aske kansa irin na mutanen gari, in ya zo sau ɗaya a shekara sai ya ajiye motarsa can nesa da gida. Har yau Mamm takan ɗauko faranti ɗaya fiye da kima, sannan ta mayar.

Ranar wanki Saloma ta tsaya a ƙasan bene ta ce Atlee ya jefo mata wandunansa. Kafin ya jefo, ta ga ya yi sauri ya zaro wani abu daga aljihu ya cusa a cikin riga. Abu ne dogo kaɗan, mai faɗin tafin hannu, kuma ya yi walƙiya. Ta ce a ranta, waya ce. Ta yi wankin ranar ba ta san me take wankewa ba, har ta haɗa farar hular Mamm da baƙaƙen safa.

Daga nan ta sa masa ido. Bayan abincin rana, in Datt ya ɗan kishingiɗa, sai Atlee ya zagaya ta bayan garke ya shige rumbun nan. Rumbun babu komai a ciki, ana jiran sabuwar masara. Wannan rumbun dai, ba wani ba.

Ta rasa wanda za ta gaya wa. In ta gaya wa Mamm, Mamm ba ta iya ɓoye wa Datt komai, fuskarta kaɗai za ta tona. In Datt ya sani, ga maƙera ga guduma. Ta yi ta juya abin a ranta tana cire zaren wake, tana dafa tumatir tana zubawa a kwalabe, har ranar da Datt ya ajiye cokalinsa ya ce, "Masara ta isa yanka. Gobe za mu share rumbu."

Cokalin Atlee ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ɗauka, ya daɗe a ƙarƙashin tebur.

Saloma ta yanke shawara a nan take. Za ta karɓe wayar yau, ta jefa a tafkin bayan gona, Datt ya zo gobe ya tarar da ƙura kawai. Abin da zai biyo baya kuma, sai dai a roƙi Allah.

Ta jira ya shiga, sannan ta bi shi. Tun kafin ta kai ƙaramar ƙofar ƙasa ta fara jin wani sauti. Da farko ta ɗauka ɗan maraƙi ne ya maƙale a shinge. Sautin ya yi kauri, ya yi ƙasa, sai kuma ya tsinke ya koma kamar kukan tsohuwar ƙofa. Aka yi shiru. Ta ce a ranta, ko wannan ne kiɗan da mutanen gari suke ji a waya? Ta tattare siket ɗinta ta sunkuya ta shiga.

Yana tsaye a tsakiyar rumbu, haske na saukowa daga can sama. Da ganinta ya mai da hannu baya.

"Ba ni ita," in ji Saloma.

"Me?"

"Kar ka raina mini hankali, Atlee. Wayar. Ba ni kafin Datt ya gani. Ba zan gaya wa kowa ba, na yi maka alkawari, amma ba za ta kwana a gidan nan ba."

Ya kalle ta kamar ta yi masa wani yare. Sannan ya fito da hannun a hankali ya buɗe. 'Yar mabusar ƙarfe ce, irin wadda ake kaiwa da komowa a kan leɓe. Ta marigayi kakansu ce, ga ma lotsawar da ta yi ranar da doki ya taka ta.

"Ga wayar," ya ce. "Kira Mahlon ki gaishe shi."

Wannan ne karo na farko tun dawowarta da ta ji ya haɗa kalmomi da yawa haka. Maganar ta fara da muryar babban mutum, ta zo tsakiya ta karye, ta ƙare kamar ɗan tsako. Saloma ta toshe baki. Ba ta so ba, amma sai ta zauna daɓas a kan busasshen ƙaiƙayi tana dariya, hawaye na zuba, rumbu kuma yana maido mata da dariyar daga sama.

"Kin gani ko?" Ya juya mata baya. "Shi ya sa. Ke ma ɗin."

"A'a, ba kai nake wa dariya ba."

"To wa? Shanu?"

"Kaina nake wa. Zo zauna, don Allah. Wato kukan maraƙin da na ji a waje kai ne?"

"Saloma!"

"Na daina. Na rantse na daina."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna, amma nesa da ita. Yana kallon takalminsa ya ba ta labari guntu-guntu. Ranar rufe makaranta, iyaye sun cika ɗaki, malama ta ce shi zai ja baiti tunda shi ne gwani. Ya kai inda waƙar take hawa sama, sai muryar ta watse. Manya suka yi kamar ba su ji ba. Amma Ervin, ɗan kawunsu, tun daga ranar in sun haɗu sai ya buga hannuwa a cinya ya yi carar zakara. Har a ranar ibada, a bayan keken doki.

"Ervin?" in ji Saloma. "Ervin da kunnuwansa suka riga shi girma?"

Bakin Atlee ya ɗan motsa, amma ya danne.

"Abar busar fa?"

"In na busa sai in bi sautin, in ga inda muryar ta koma. Jiya tana wani wuri, yau tana wani. A nan ne kawai ba mai ji." Ya ɗaga kai ya kalli bangon. "Gobe kuma za a cika shi."

Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Ba tafiya za ka yi ba ke nan?"

"In je ina da wannan muryar?"

"Da gaske nake."

Ya ɗauki wani ɓawon masara yana yayyagawa. "Ni ba Mahlon ba ne. Duk kun zuba mini ido kamar madara a kan wuta. In na yi shiru Mamm ta kalle ki, ke ki kalli Datt. Ina gani fa. Kuma ba kullum ne saboda murya ba. Wani lokaci ba na son magana ne kawai. Ba dalili."

"To in ka kai shekarun Mahlon fa?"

"Ina na sani? Yanzu dai yunwa nake ji."

Ba amsar da take so ba ce gaba ɗaya, amma ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta. Ta miƙe tana kakkaɓe siket.

"Kuma ki daina yaye mini bargo," ya ce daga bayanta. "Askin ma Datt zai riƙa yi mini."

Wannan magana ta soke ta, ta rasa dalili. Ta ce, "Datt zai mai da kanka kamar an kifa kwano."

"Da ma ya yake?"

Da yamma suna wanke kwanuka, Saloma ta matsa kusa da Mamm ta ce ƙasa-ƙasa, "Ba waya. Muryarsa ce ta fashe, kunya yake ji."

Mamm ta tsaya da faranti a hannu, ruwa na ɗiga a ƙasa. "Murya? Abin da ya hana ni barci ke nan?" Ta goge ido da bayan hannu. "Ubanku a shekarunsa, kusan shekara ya yi in an gaishe shi sai dai ya ɗaga hula. Mun ɗauka girman kai ne. Yaya aka yi na manta?" Ta buɗe kabad ta yanko ƙaton yanki na kek ɗin tuffa, ta ajiye a inda Atlee zai gani in ya wuce, ba ta ce nasa ne ba.

Washegari da asuba Saloma ta hau sama. Ta kai hannu ga mariƙin ƙofarsa, sai ta janye. Ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta sauko abinta.

Atlee ya same ta a garke, gashinsa a tsaitsaye, ya ja kujerarsa zuwa can gefe. Madara ta fara ƙara a bokiti. Saloma ba ta taɓa fara waƙa ita kaɗai ba, ko a gaban shanu. Ta jingina goshinta a jikin saniya, ta ɗauko baitin da suka saba, amma can ƙasa, inda maƙogwaronta da kyar yake kaiwa. Sautin ya fito kamar ana jan buhu a kan siminti. Saniyar ta waiwayo ta kalle ta.

Ta kai ƙarshen baitin farko ba wanda ya taya ta. Ta shiga na biyu.

"Kin yi ƙasa da yawa," in ji wata murya daga bayan shanu.

Ta ɗan ɗaga kaɗan, ta ci gaba.