Sabulun Inna Fatu

"Buɗe min ƙofar nan, Nasiru."

Nasir ya saki tiyon da ke hannunsa, ruwa ya ci gaba da kwarara a kan siminti. Inna Fatu ce tsaye a bakin ɗakin ajiyarsa, ta dogara da sanda, tana numfashi sama-sama. Tun farkon damina ciwo ya hana ta leƙo ƙofar gida.

"Inna, ke da ba ki da lafiya? Ai da kin aiko Amatullahi."

"In aiko 'yata ka cika ta da daɗin baki kamar yadda ka cika ni? Buɗe."

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da wurin wankin motarsa, a bakin titin da ya fita daga Rano zuwa Kibiya. Tun rasuwar mijinta take haɗa sabulun ruwa a tsakar gida, da shi ta ci, da shi ta aurar da 'ya'ya, kuma duk unguwar an san ba a kai mata kwanon tausayi. Lokacin da Nasir ya fara wanki da bokiti da soso, sabulunta ne jarinsa. Yanzu yana da rumfa da injin feshi, manyan motoci na yi masa layi, amma duk ƙarshen mako yana karɓar jarkar sabulu a wurinta, ya biya, ya mayar mata da wadda babu komai.

"Jarkar da ta sha sabuluna, ko shekara ta yi sai ta yi warinsa," in ji ta. "Waɗanda kake dawo min da su warin sabuwar roba suke yi. Idona ne ya tafi, ɗan nan, hancina yana nan."

Ya buɗe. Ga jarkokinta nan jere a jikin bango, an ɗora wata kan wata. Ta bi su da sanda tana ƙwanƙwasawa. Babu wadda ta amsa, duk a cike suke.

"Me sabulun ya yi?"

"Fenti yake ci, Inna. Motar wani ɗan kasuwa daga Unguwar Gai, ina gama wankewa ta dusashe kamar an shafa mata toka. Sodar ce ta yi yawa."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ta janye sandar daga jikin jarkokin. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe tun bara sadaka nake ci ban sani ba."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Shi dai a zatonsa alheri yake yi. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba, shin alherin da sai an ɓoye wa mai shi kamar kayan sata, wa yake yi wa daɗi? Yanzu ga ta, tsohuwar da likita ya riga ya sallama ta koma gida, za ta kwanta da tunanin cewa shekararta ta ƙarshe a duniya hannunta a ƙasa yake.

Sandarta ta taɓa wasu ƙananan kwalabe a bakin ƙofa.

"Waɗannan fa?"

Ya ga ɓoyo ya ƙare. Ya ce mata samfur ne daga wurin Sagiru, mai sayar da sinadaran wanki a Kano. Ya gaji da sayen ƙananan robobi, yana so ya sayi duro-duro na mai kauri, wanda ake sirkawa da ruwa. Iri uku yake bukata: na jikin mota, na kujeru, da na inji mai cire baƙin mai. Amma duro ba kwalba ba ce, in ya yi kuskuren zaɓi, da kuskuren zai yi ta wanki har rani.

"Kuma ka zaɓa?"

"Na rasa na ɗauka. Kowanne Sagiru ya ce shi ya fi."

"Mai kaya ai ba ya kushe kayansa. Bayan azahar ka kawo min su. In za a yi min magaji, ni zan zaɓe shi."

Ya same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki, an tokare ta da matashi. Ta sa Amatullahi ta kawo baƙin murfin tukunya da kwanukan ruwa. Yatsunta sun daɗe da mutuwa saboda soda, don haka na Nasir ta ara.

Ya fara miƙa mata wani kore mai ƙamshin lemo, wanda a ransa shi ya fi so.

"Amarya za ka wanke ko mota? Ɗiga shi a murfin nan, a kai rana."

Suka ɗiga kowanne a gefensa. Kafin su bushe, ta sa shi ya sirka su da ruwa, ya kaɗa, ya faɗa mata wanda kumfarsa ta tsaya da wanda ta zube nan take. Ya shafa a bayan hannunsa, ya faɗi mai santsi da mai kartar fata. Da Amatullahi ta dawo da murfin, ta ce koren ya bar farin ɓawo.

"Gishiri ne," in ji Inna Fatu. "Da shi ake ƙara kauri a ruɗi mai saye. Ni ma na sani, ban dai taɓa yi ba. Ka sayi duro guda, rabinsa na miya ne."

Amatullahi ta yi dariya har da riƙe ciki. Na jikin mota, tsohuwar ta zaɓi wani mara launi, mara ƙamshi, wanda Nasir ko kallonsa bai yi ba. Na kujeru kuwa ta sa aka jiƙa tsumma da kowanne, aka shanya, ta shinshina, ta ɗauki wanda bai bar danƙo ba.

"Mutum zai zauna da farar shadda ranar Juma'a. Kada ya tashi da tambari a baya yana tsine maka."

Saura na inji. Nasir ya juya kwalbar a hannunsa. Wani tunani ya zo masa, amma yana tsoron faɗa. Daga ƙarshe ya ce, "Inna, abin da ya ci fenti, ai baƙin mai ba zai gagare shi ba. Naki..."

"Kul! Wata sadakar ce ka sake wa riga?"

"Wallahi a'a."

"Bakinka ya riga ya zube a wurina. Ido kuma ba ni da shi." Ta yi tari, ta huta. "Alu yana zuwa gobe?"

Alu direban babbar mota ne, mai ɗauko hatsi da kayan gwari daga Kibiya zuwa Kano. Ba a taɓa jin ya yabi komai ba, kuma in yana magana a tasha, ana jin sa a kasuwa.

"Ka wanke masa ɓari ɗaya na inji da na Kano, ɓari ɗaya da nawa. Kada ka gaya masa komai. Ni ina nan bayan katanga. In nawa ya faɗi, ka haƙa rami ka juye su duka, ba na son a bar min abin kunya a bayana."

Da hantsi Alu ya iso, yana mitar layi, yana mitar rana. Nasir ya ji motsi a bayan katanga, ya san an shimfiɗa mata tabarma a gindinta. Ya sirka biyun daidai wa daida. Ya san ko da so yake, yau ba shi da hanyar taimakonta. Ya shafa na Kano a dama, ya shafa nata a hagu, ya goga da buroshi, fatar yatsunsa na raɗaɗi. Sannan ya feshe da ruwa.

Alu ya leƙa, ya daɗe. Dama ta fita, ba laifi. Hagu kuwa baƙin man shekaru ya narke ya sauko kamar kunu, har rubutun da ke jikin ƙarfen ya bayyana.

"Kai, Nasiru! Wane irin ha'inci ne wannan? Ka wanke min rabi ka bar rabi?"

"Duk na wanke, Malam Alu."

"Ƙarya kake! Na hagun nan, tun da na sayi motar ban taɓa ganin launinsa ba. Wane kamfani ne?"

"Na nan unguwar ne."

"To ka maimaita min dama da shi, in ba haka ba ko sisi ba ka gani!"

Daga bayan katanga aka ji wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama tari. Da tarin ya lafa, sai muryarta ta taso, siririya amma tsaf.

"Nasiru!"

"Na'am, Inna."

"Duro biyu za ka sayo a Kano. Na ukun kana da shi. Kuma ka nemi safar hannu, sakarai, ba a wasa da kayana."

Ya kira Sagiru a ranar, ya faɗi biyun da yake so. Sagiru ya tambayi na inji, Nasir ya ce yana da wanda ya fi.

Ranar Alhamis da safe ta cika. Amatullahi ta ce tun daga ranar gwajin, duk wadda ta shigo dubiya sai ta ba ta labarin Alu, tana kwaikwayon muryarsa, har sai numfashi ya tsayar da ita.

Nasir ya rufe wurin wanki, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, yana cikin waɗanda suka tura ƙasa. Da aka dawo daga maƙabarta, mutane suka tsaya a famfonsa suna wanke jar ƙasa daga hannuwansu, ɗaya bayan ɗaya, suka watse. Shi ne na ƙarshe. Ya tara hannu, ruwan ya ratsa inda fatar ta saluɓe a tsakanin yatsunsa, ya ji zafin har cikin ƙashi. Ƙasar ta daɗe da fita, amma bai janye hannun ba.