Jar Fuskar Numeriyus

Shekara biyu da rabi Numeriyus ya yi a bakin daga. Da ya dawo Rum da nasara sai ya ya da zango a bayan ganuwa, don duk jagoran yaƙin da ya shigo birni kafin majalisar dattawa ta yarje masa, bikin nasararsa ya sha ruwa. Ya aiko wa matarsa Lartiya cewa ranar bikin, a kan keken doki yake so ya fara ganin 'yarsa Talbiya, wadda aka haifa bayan tafiyarsa.

Hankalin Lartiya ya tashi. Ranar za a shafe fuskar mijinta da jar ƙasa kamar yadda aka saba yi wa mai nasara, ga yarinyar ko mai tallar zaitun ta gani sai ta tsala ihu. In ta firgita a gaban jama'a, ƙila ta tsani ubanta ke nan.

Ta kwaɓa jar ƙasa a kasko, ta shafa a tata fuskar don yarinyar ta saba, ta nufi surukarta Fufiya.

"Inna, kawo taki fuskar."

"Ke 'yar nan, ni? Matar dattijon majalisa, da furfurata?"

"Jikarki ce dai, Inna."

"To a hankali, kar ki sa mini a ido!"

Kwana tara kowa a gidan fuskarsa ja, har mai girki. Ranar farko Talbiya ta yi kuka, ran na uku ta fara lakatar kumatun kakarta tana ƙyalƙyala dariya.

Ranar biki aka miƙa ta kan keken. Yarinyar ta dubi jar fuskar nan, ta cafke hancinsa, ba ta sake shi ba har bakin haikali. Sojoji suka yi ta shewa: "Ga wadda ta kama maigida!"

Da la'asar Numeriyus ya wanke fuska, ya shigo tsakar gida ya buɗe hannuwa. Talbiya ta kwarma ihu, ta shige bayan uwarta.

Fufiya ta tura masa kaskon. "Shafa, ɗan nan. Mu kwana tara muka yi."

"Har yaushe ke nan?"

"Kullum za mu rage kaɗan," in ji Lartiya. "Zauna, maigida, rufe ido."

Ba ta gama kunci ɗaya ba, yarinyar ta leƙo.